Ranar da Na Shayar da Tukwanen Jan Zare

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugabar wannan ƙungiya tamu, wadda ta karɓi kujerar da kowa ya gudu ya bari. Mai girma wakilin ofishin da ke ɗaukar nauyin karatun yawancinmu, wanda ya yi zaman awa huɗu a jirgin ƙasa domin ya ga idonmu. Malamanmu guda biyu da suka amsa gayyata, ko da yake sai an riƙa raɗa musu abin da ake cewa. 'Yan uwa mata da maza da suka ɗora tukunya tun safe, har ƙamshi yana neman hana mu sauraren juna. Tsofaffin ɗalibai, abokan wahala. Sannan ku sababbin zuwa, manyan baƙinmu na yau, waɗanda har yanzu takardar jirgi ke maƙale a hannun akwatunanku: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi muku sannu da hanya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a wannan zaure. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni minti goma sha biyar, alhali tana sane ban taɓa gama komai a kan lokaci ba. Da aka zauna shirya taron nan, an ce a nemo wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar nan ya yi wa sababbi magana. Ba a sha wahalar nema ba. Karatun shekara huɗu na zo yi, ga ni ina lallaɓa ta biyar zuwa ƙarshe. Ba don hazaƙa aka zaɓe ni ba, don daɗewa ne, kuma na karɓa a haka. Sunan da za ku ji ana kirana da shi Baban Wake, saboda a kan wake nake bincike, kuma ina amsawa.

Kafin in shiga magana, bari in gaishe ku irin gaisuwar gida. Jama'a, ina gajiya?

Kun ji ko? Mutum ya fi sittin a zauren nan, duk baki ɗaya: ba gajiya. Ga wanda ya sauka daga jirgi shekaranjiya, ba gajiya. Ga waccan da na san jarrabawa uku ta rubuta a makon nan, ba gajiya. Ga abokina Dogo can a bakin ƙofa, mai karatun injiniya, tun da aka fara taro yake gyangyaɗi a tsaye, shi ma ya farka ya ce ba gajiya. Gaisuwa ce mai kyau, ba na neman a canza ta. Abin da ya same mu shi ne, mun kwaso amsar mun zo da ita nan, muka riƙa ba malami, muka riƙa ba likita, muka riƙa ba iyalinmu a waya, har muka wayi gari muna ba kanmu.

Takardar nan da kuke gani a hannuna, a bayanta ne na rubuta kanun abin da zan faɗa. Gabanta kuwa wasiƙa ce zuwa ga shugaban sashenmu, ina sanar da shi na ajiye karatu, zan koma gida. Na buga ta, na sa hannu, kwanan wata ne kawai ban cike ba. Wata goma sha huɗu ke nan tana aljihuna. Ita ce jawabina. Zan gaya muku abin da ya sa na rubuta ta, da abin da ya hana ni miƙa ta, kuma kafin in sauka za ku ga abin da zan yi da ita.

Magana ta farko: gajiya ba a fuska take fara nunawa ba.

Aikina ba shi da wuyar ganewa. A bayan sashenmu akwai wani dogon ɗaki na gilashi inda ake renon shuka. Na jera tukwane ɗari biyu da arba'in a ciki, kowacce da tsiron wake. Rabi na ɗaura musu shuɗin zare, rabi na ɗaura musu jan zare. Masu shuɗin zare su sha ruwa kullum. Masu jan zare kuwa a hana su kwana ashirin da ɗaya cur, ko ɗigo, sannan a ba su, a ga wane iri ne zai farfaɗo, wane ne ya tafi ke nan. Abin da nake nema shi ne irin da manomi zai shuka, ruwan sama ya ɗauke masa mako uku, ya dawo, gonar ta miƙe. Irin da na shuka kuma ba na kasuwa ba ne. Wata takwas na yi ina haɗa shi da hannuna, fure da fure, a sunkuye, har bayana ya koyi sunkuyon ya riƙe.

To, dokar makarantar nan ta ba kowane ɗalibin bincike hutu, kuma dole ne ya cike takarda malaminsa ya sa hannu. Ku tsofaffi kun san abin da muke yi da takardar nan, kada ku sunkuyar da kai. Mu cike ta, a sa hannu, a rubuta a allo cewa wane yana hutu, washegari mu lallaɓo ta ƙofar baya da katinmu na buɗe ƙofa mu ci gaba da aiki. Har alfahari muke yi da shi: ni fa tun da na zo ban taɓa hutawa ba. Sau uku na yi haka. Idan kun tambaye ni dalili, zan ce mota uku aka cika aka raka ni ranar da zan taho. Zan ce na bar mace da yara uku. Ta yaya zan miƙe ƙafa a ɗaki, alhali mutane sun ɗora ido a kaina? A wurina hutu sata ne, kuma ni ba ɓarawo ba ne.

Ranar wata Talata, kwana na goma sha bakwai cikin ashirin da ɗaya na hana jan zare ruwa, sunana na kan allo ina hutu, na shiga ɗakin gilashi domin in auna tukwane. Da hantsi ne, rana tas, babu mai cewa duhu ne ya ruɗe ni. Abin da nake iya tunawa shi ne, na ga ganyayen jan zare sun langaɓe, sun yi laushi kamar tsohon tsumma. Jama'a, ni ɗan manomi ne. Tun ina shekara bakwai, idan mahaifina ya ga na wuce shuka tana yaushi da bokiti a hannuna, ranar sai na yi bayani. Kaina ya san dalilin jan zare, ai shi ya ɗaura shi. Amma kan ya daɗe da tafiya, ya bar hannuwa suna gadi. Ban farga ba sai da ruwa ya cika min takalmi. Na duba, ga tiyo a hannuna, layi bakwai cikin takwas sun sha sun ƙoshi. Har 'yar waƙa nake yi a ƙasan maƙoshi.

Saura kwana huɗu. Aikin wata takwas, da watan da ya biyo baya, da digirin da ke jingine a jikinsa, ni na wanke su da hannuna. Na so ƙwarai a ce akwai wanda zan ɗora wa. Na duba babu maƙiyi, babu mai hassada, babu injin da ya lalace. Na koma ofis na buga wasiƙar nan, na dawo ɗaukar jakata. Sai na kifa bokiti na zauna a cikin ruwan.

A nan Gwaggon Tukwane ta same ni. Dattijuwa ce 'yar ƙasar nan, shekara talatin da ɗaya tana kula da ɗakin gilashin. Ba ta da digiri ko ɗaya, amma babu farfesan da ke taɓa famfo ba da izininta ba. Mu muka sa mata sunan, na fassara mata, ta ce ya yi mata. Da harshensu muka yi magana, ni ne ke mayar muku da ita Hausa. Ta dubi ƙasa, ta dubi takalmina, ta dubi allo.

Ta ce, "Kai ba hutu kake ba?"

Na ce, "Hutu nake, Gwaggo."

"To wa ya shayar da jajayen?"

"Ni ne."

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe har fatalwarka aiki take zuwa."

Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Sai ta je layi na takwas, wanda ruwan bai kai ba, ta tsallake duk waɗanda suka langaɓe, ta ɗauko wata mai ganye kore shar, a tsaye ƙyam. Ta ce in ɗaga. Na ɗaga, kamar babu komai a hannuna.

Ta ce, "Ka ga wannan? Ita ce ke ba ni tsoro. Waɗanda suka kwanta, kowa ya wuce ya san ƙishi suke ji. Wannan mai tsayuwar, ranar da za ta faɗi ba a tashinta. Shi ya sa ba ma tambayar ganye, sikeli muke tambaya. Kai ka fi ni sani, kai ke rubuta nauyinsu kullum." Sai ta nuna babban sikelin da ake auna buhunan taki. "Hau."

Na ce, "Gwaggo, ni ba buhu ba ne."

Ta ce, "Buhu ya fi ka hankali, shi inda aka ajiye shi yake zama. Hau."

Na hau. Kilo tara babu, daga abin da aka auna ni a asibitin makaranta shekarar da na zo. Ni da ke auna tukunya ɗari biyu da arba'in kowace safiya, ban taɓa auna mai aunawa ba.

Saboda haka, ƙannena, ku riƙa auna kanku, kuma ba sikeli kaɗai nake nufi ba. Idan ka karanta shafi ɗaya sau uku ka tashi babu ko kalma a kanka. Idan wayar gida ta yi ƙara gabanka ya faɗi maimakon ranka ya yi fari. Idan kin buɗe firji kin tsaya kin manta abin da ya kawo ki. Idan ka sallame salla ba ka san raka'a nawa ka yi ba, yau da gobe da jibi. Idan dariyar wasu ta fara ba ki haushi ba tare da sun yi miki komai ba: to tukunya ta yi sauƙi, komai koren ganyen. Kuma idan abin ya ƙi wucewa, akwai asibiti a makarantar nan, akwai mutanen da aikinsu ke nan su saurare ka. Na je. Ba su ɗaure ni ba, ba su aika wa kowa labari ba.

Magana ta biyu: hutu koyonsa ake yi, kuma ba a yinsa da makulli a aljihu.

Na nuna wa Gwaggo wasiƙar. Ta karanta har ƙarshe, tana motsa leɓe. Sai ta wuce ƙuryar ɗakin inda firjin iri yake, ta dawo da ambulan, sunana a jiki da rubutunta.

Ta ce, "Duk ɗalibin da ya kawo min iri ajiya, sai na ɗebi kashi ɗaya cikin biyar na ɓoye. Ba na gaya muku, don in na faɗa shi ma shuka shi za ku yi. Kai ne na goma sha ɗaya da ya zauna a kan bokitin nan."

Na miƙa hannu. Ta mayar da ambulan bayanta.

"Ba ni katinka tukuna. Mako biyu. In na ga ko inuwarka a jikin gilashin nan, tsuntsaye ne za su ci wakenka, kuma zan kira ka ka kalla. Wannan takardar kuma, kada ka sa mata kwanan wata sai ka dawo."

Na ba ta katin. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin aljihuna ya yi fayau irin na ranar ba.

Sai da na biya ta wurin farfesa, malamina, don dole ya sani. Zan faɗi gaskiya a kansa ko da yana zaune a nan, ga shi can ana raɗa masa. Mutum ne mai aiko saƙo ranar Lahadi, layi ɗaya tal: ina aka kwana? Layin nan ya sha hana ni cin abinci. Amma ranar da na gaya masa abin da na aikata, ya ce, "Sau uku na sa maka hannu a takardar hutu. Ina ka je?" Na ce nan. Ya ce, "To ka yi min ƙarya sau uku. Ni kuma na hango ka ta taga sau uku na yi shiru, domin aiki yana tafiya, ina jin daɗi. Laifi biyu ne. Ɗauki naka, in ɗauki nawa." Shi ya rubuta ya nemo min ƙarin shekara. Har gobe ina jin haushin saƙonsa na Lahadi, kuma har gobe ba zan manta da wannan maganar ba.

Na ɗauka hutu abu ne da kowa ya iya. Kwana ukun farko, in tashi, in yi wanka, in sa kaya har da takalmi, in zauna a bakin gado. Na wanke murhu sau biyu. Na jera littattafai daga dogo zuwa gajere, na warware, na sake jerawa. Zuciyata na ta ce min, ga malalaci, an turo shi karatu yana kallon bango. A rana ta huɗu Dogo ya buga ƙofa.

Ya ce, "Baban Wake, tashi mu tafi."

Na ce, "Ina za mu?"

Ya ce, "Babu inda za mu. Ai amfanin ke nan."

Muka hau bas har inda ta ƙare, direba ya kashe inji ya dube mu. Akwai wani tafki a wurin, da agwagi, da benci. Dogo ya fito da burodi da shayi a jaka, ya kafa doka: duk wanda ya ambaci babi, ko farfesa, ko wake, shi zai ɗauki jakar a komawa. Ni na ɗauka. Amma kafin nan na yi barcin awa biyu a kan bencin, rana na dukana, baki buɗe. Ya ɗauki hoto, kuma ya yi alkawarin nuna shi yau idan na wuce lokacina. Tun daga ranar, kowace Asabar sai mun hau wata bas har ƙarshenta. Mun san garin nan ta bakin iyakarsa fiye da tsakiyarsa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma kakata ta san shi ba ta shiga aji ba. Barci ya cika. Abinci a dafa shi, a ci a zaune, da wani mutum a gefe. Ƙafa ta yi tafiya, rana ta taɓa jiki. Baki ya yi Hausa, ko sau ɗaya a mako, da wanda ba sai ka fassara masa barkwanci ba. Hannu ya yi wani aikin da babu mai ba shi maki. Amma ka kwanta da waya a fuska awa biyar kana kallon rayuwar mutane, wannan ba hutu ba ne, gajiya ce a kwance. Na gwada, na sani.

Magana ta uku, ita ce ta fi min nauyi: a gida a samu mutum ɗaya da za ka gaya wa gaskiya.

A rana ta shida, da la'asar, na kira maiɗakina. Ta ce, "Malam, ina gajiya?" Bakina ya buɗe zai ba da amsar da ya saba, na kama shi. Na ce, "Akwai ta."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Na ce miki na gaji, kina hamdala?"

Ta ce, "Shekara uku nake jiran ka faɗa. Tun ban rufe baki ba kake cewa ba gajiya, kamar mai korar ƙuda. Auta ma ta gane. Cewa ta yi Baba yana magana irin ta mutumin rediyo."

Na gaya mata komai, tiyo da takalmi da sikeli. Na karanta mata wasiƙar. Ta ce, "In dawowa za ka yi, dawo, ɗakinka na nan, kuma babu mai yi maka dariya a gabana. Amma ban yarda mutumin da ke barcin awa uku ya yanke wa gidana hukunci ba. Yi barci kwana bakwai, ka ci abinci, ka sake karanta min. In har lokacin tana da daɗin ji, ni da kaina zan gaya maka kwanan watan da za ka sa."

Ina shirin yin sallama sai ta ce, "Kai kuma ba ka tambaye ni ba."

Na ce, "Ina gajiya?"

Jama'a, minti arba'in ta yi tana magana. Tarin da ɗanmu na tsakiya ya yi wata biyu yana yi ban sani ba. Aji mai yara saba'in da take koyarwa. Famfon gida da ya lalace tun bara. Ranakun da take rufe ƙofar ɗaki ta zauna a ƙasa don kada yara su ga fuskarta. Ashe ita ma ba gajiya take ce min don kada ta raba min hankali. Mu biyu, shekara uku, muna ta ɓoye wa juna abu guda, kowa yana ganin taimako yake yi. Wannan kunyar ta fi ta tukwane, kuma ita ce ta fi yi min magani.

Ban ce ku gaya wa kowa ba. Akwai ɗan uwan da in ka ce masa ka gaji zai ce, "A can ɗin? Ku da wuta ba ta ɗaukewa?" Na sha jin wannan, na sha kashe waya ina huci. Amma in za a yi adalci, me muke aika musu? Hoto a gaban dogon gini, da sabuwar riga, haƙora a waje. A cikinmu babu wanda ya taɓa aika hoton bokiti. Ba za ka nuna wa mutum aljanna shekara uku ba, sannan ka ji haushi don bai yi maka jaje ba.

Magana ta huɗu ta wakili da malamanmu ce, kuma mai raɗa wa malamai, don Allah kada ka tausasa ta.

Mai girma wakili, duk wata shida ofishinku na aiko mana takardar rahoto mai tambaya goma sha huɗu. Babi nawa ka rubuta, taro nawa ka halarta, yaushe za ka gama. Sau tara na cike ta. Babu layi ɗaya da ke tambayar ko mai rubuta babin yana nan da ransa. Ban manta ba, da aka nema min ƙarin shekara kun amsa cikin mako uku, ba ku wulaƙanta ni ba, na gode. Roƙona ƙarami ne: ku ƙara tambaya ta goma sha biyar. Ka yi hutun bana? A ina? Wa ya riƙe katinka? Domin abin da kuka tambaya, shi muke ɗauka da muhimmanci.

Ku kuma malamanmu, ku san irin mutanen da ke gabanku. Mu an rene mu ba a ce wa malami a'a. Idan kun ce "in ka samu lokaci", mu "yanzu-yanzu" muke ji. Idan kun ce "za ka iya?", eh za mu ce ko muna kan gadon asibiti. Saƙon Lahadi ya jira Litinin. In kuwa kun hango mu ta taga sunanmu na kan allo, ku buɗe tagar ku kore mu.

Ga ƙungiya kuma ina da buƙata ɗaya, kuma ba ta buƙatar kwamiti. A haɗa mu biyu-biyu, sabo da tsoho. Ranar da aka sa wa ɗayanku hannu a takardar hutu, katinsa ya kwana a aljihun ɗayan, kada ya fito ko da kuka ko da rantsuwa. Sau ɗaya a mako kuma ku tambayi juna ina gajiya, ku bar amsar farko ta wuce, ku jira ta biyu.

Na ga shugaba tana duba agogo, Dogo kuma ya fara lalubar hoto. Bari in ƙarasa muku labarin.

Bayan kwana bakwai na sake karanta wa maiɗakina wasiƙar. Ban kai rabi ba ta fara dariya, ta ce wa ya koya min irin wannan ladabin. Ba ta ba ni kwanan wata ba. Da mako biyu suka cika Gwaggo ta ba ni katina da ambulan. Irin ya yi kaɗan, sai da na shuka shi ya yawaita tukuna, wata huɗu, sannan na sake jera tukwane na sake ɗaura zare. A wannan karon, ranar da aka fara hana ruwa, Gwaggo ta kwance kan famfon ta sa a aljihun rigarta, ita ke shayar da masu shuɗin zare. A rana ta ashirin da ɗaya ita ta miƙo min tiyo da hannunta, ta ce, "Yau kam shayar da su, ɗan manomi, har da waƙar."

Cikin ɗari da ashirin, saba'in da uku suka tashi. Irin da ya fi kowanne tashi kuwa, wani ne da tun rana ta biyar yake naɗe ganye ya langaɓe, har na so in cire shi daga jerin saboda kunyar nuna shi. Mai tsayuwar nan kore shar, wanda na ɗora wa buri, kusan duk ya tafi. Ban ce mutum wake ba ne. A tukwanena dai, abin da idona ya gani ke nan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gajiya ta ƙare ba. Akwai ranakun da har yanzu nake sa hannu a aljihu in taɓa takardar nan, in ji sanyi cewa akwai ƙofa. Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa kundina. Saura mako biyar in tsaya gaban malamai in kare shi, kuma ban san abin da za su ce ba. Baban Waken da ya zo ƙasar nan, makon nan biyar a laburare zai tare. Ni kuwa jiya farfesa ya sa min hannu a takardar hutu, kwana goma, daga gobe.

Dogo, farka. Zo nan gaban jama'a. Ga katina. In na zo ina roƙo, ka nuna min hoton nan.

Shugaba, ke kuma ga takardar. Gabanta ba shi da sauran aiki, kwanan wata ba zai hau ta ba. A bayanta akwai fili a ƙasan rubutuna. A fara rubuta sunaye a nan, biyu-biyu, in ta cika a nemo wata.

Allah ya sa albarka a wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Ku sababbin zuwa, Allah ya buɗe muku ƙirji, ya ba ku barci mai daɗi da aboki mai faɗin gaskiya, ya haɗa ku da irin Gwaggo tun kafin ku buƙaci bokiti. Waɗanda muka baro a gida suna riƙe da namu nauyin a kan nasu, Allah ya huta musu gajiya, ya saka musu da alheri. Wanda ke zaune a zauren nan da irin takardata a aljihu, Allah ya ba shi kwana bakwai na barci kafin ya sa mata kwanan wata. Allah ya mayar da mu ga iyalanmu da abin da muka zo nema, mu koma su gane mu.

Jama'a, ina gajiya? A'a, kada ku amsa min. In an zuba abinci, ku juya ku amsa wa na kusa da ku.

Na gode.